"Namu Ya Samu" Ba Dabarar Yaƙi Ba Ce



Ranar 24 ga Oktoba, 2025, da Shugaba Tinubu ya naɗa Idi Abbas babban hafsan sojin ruwa a madadin Emmanuel Ogalla, shafukanmu suka cika da hotonsa da "ɗan Kano ya samu, Allah ya taya riƙo." Ban ga mutum ɗaya da ya tambayi wane yaƙi zai sa a gaba ba. To ai Awwal Zubairu Gambo ma ɗan Kano ne, ya riƙe wannan kujera daga 2021 zuwa 2023. Ranar da ya sauka, wa ya zauna a cikinmu ya auna abin da ya yi?

Da na tayar da maganar a teburin mai shayi nan Kanya Babba, wani dattijo dariya ya yi. Ya ce, "Yaro, mu da ruwanmu bai wuce kududdufi da dam ɗin Kazaure ba, ina ruwanmu da sojan ruwa?" Na ce, "Baba, Allah ya ba ka haƙuri, bandar da ake kawowa daga Baga fa, yaushe rabonka da ka saye ta da araha?"

Ban ce a bar teku ba. Da kuɗin man fetur ake biyan albashi a Jigawa, ɓarawon ɗanyen mai a Neja Dalta aljihunmu yake yanka. Sun kuma yi ƙoƙari a can, don a Maris 2022 aka cire Najeriya daga jerin ƙasashen da 'yan fashin teku suka addaba. Amma yaƙin da ke cin rayukan talakawa a kan ruwa yau yana Tafkin Chadi. 'Yan ISWAP suna zaune a tsibiran tafkin, suna karɓar haraji a hannun masunta da makiyaya, da kuɗin suke sayen makami. A ƙarshen Disamba 2018 sun afka wa Baga, har sansanin sojin ruwa da ke can suka kwace na ɗan lokaci. Katafaren jirgin yaƙi da ake ƙaddamarwa da kiɗa a Legas ba zai taɓa shiga tafkin nan ba. Ruwan ba zurfi, ciyawa ta toshe hanyoyi. Abin da wurin ke buƙata shi ne ƙananan jirage masu gudu, injinan share ciyawa, jirage marasa matuƙa, da sojan da masunci zai amince ya raɗa masa labari ba tare da tsoron a kama shi a matsayin ɗan leƙen asiri ba. Kayan nan ba sa kyau a hoto, ina zargin shi ya sa ba a rububinsu.

Da majalisar dattawa ke tantance shi, Abbas ya yi maganar amfani da jirage marasa matuƙa. Madalla. Sai mu tambaya: nawa za su je Baga, kuma yaushe?

Mu ma da laifinmu. A 2021 da aka ce za a kafa cibiyar sojin ruwa a Kano, wadda ta zama kwalejin Dawakin Tofa, 'yan Kudu suka yi ta ba'a, mu kuma muka ɓige da ramuwar zagi. Ko muƙala ɗaya mai hujja ban karanta daga ɓangarenmu ba.

Duk wanda ya san masuncin da ya baro Baga, ya je ya zauna da shi, ya rubuto mana abin da ya ji a zaren mako mai zuwa. Ni ma zan kawo nawa.