Ƙofar da ke gaban ƙofar biza



A daminar bara ɗan wani abokin aikinmu ya sami gurbin digiri na uku a wata jami'ar Ingila, a fannin injiniyan sinadarai, tare da tallafin karatu. Yaro ne da ya bi ta hannunmu tun daga aji ɗaya, don haka murnar ta zama tamu duka. Sai cikin watan Agusta, ana shirin neman biza, aka lura da wani layi a takardar jami'ar wanda ba a tsaya an karanta da kyau ba: dole ya fara gabatar da shaidar ATAS. Kafin shaidar ta fito, lokacin rajista ya shige. Aka ɗaga masa zuwa wani zango, kuma har yau gidan na jiran ji ko masu tallafin za su yi haƙuri. Mun tambayi junanmu a ofishin malamai, babu ko mutum ɗaya da ya taɓa jin sunan takardar.

ATAS tantancewar tsaro ce da Ma'aikatar Harkokin Wajen Birtaniya ke yi wa baƙin ɗalibai masu neman digiri na biyu ko na uku a wasu fannonin kimiyya da injiniya. An fara ta a shekarar 2007 domin hana ilimin da ake samu a jami'o'in ƙasar zama hanyar ƙera makaman ƙare dangi. A 2020 aka faɗaɗa ta zuwa fasahar manyan makaman yaƙi na zamani, a 2021 kuma ta haɗa da masu zuwa aikin bincike. Fannonin da ta fi shafa sun haɗa da fiziks, kemistiri, kimiyyar ƙarafa, kwamfuta, da injiniyan jiragen sama, na injuna da na sinadarai. Ta intanet ake nema, kuma kyauta ce. Ana tambayar ɗalibi inda ya yi karatu, inda ya yi aiki, abin da ya wallafa, abin da zai bincika, da wanda zai biya masa kuɗi, sannan ya kawo sunayen mutum biyu da suka san shi aƙalla shekara 3. Hukumar na cewa a ba ta kwanakin aiki 30, wato mako 6, kuma tsakanin Afrilu da Satumba, lokacin cunkoso, abin kan fi haka. In shaidar ta fito, wata 6 ne ake da shi a nemi biza da ita.

Adalci ya sa mu faɗa cewa tsoron nasu yana da tushe. Abdulƙadir Khan na Pakistan ya yi karatun kimiyyar ƙarafa a Holan da Beljiyam, ya yi aiki a wani ɗakin bincike mai alaƙa da masana'antar tace yuraniyam, ya koma gida a ƙarshen 1975 da abin da ya sani. A 2004 ya fito a talabijin ya amsa cewa ya miƙa wa wasu ƙasashe fasahar nukiliya. Wanda maciji ya taɓa sara, ko igiya ya gani sai ya zabura. Mu da kanmu ba mu barin baƙo ya shiga harabar makaranta sai ya faɗi wanda ya zo nema. Amurka ma tana da irin wannan bincike, inda ake riƙe takardun ɗalibin kimiyya bayan an gama yi masa tambayoyi a ofishin jakadanci.

Inda muke da ja shi ne ma'aunin da ake raba wanda za a bincika da wanda za a ƙyale. Fasfo ne ma'aunin. 'Yan ƙasashen Tarayyar Turai, Amurka, Kanada, Ostareliya, New Zealand, Japan, Koriya ta Kudu da Singafo an ɗauke musu wannan nauyi. Babu ƙasar Afirka ko ɗaya a jerin. To, me Nijeriya ta yi? Tana cikin ƙasashen da suka sa hannu a yarjejeniyar hana yaɗuwar makaman nukiliya tun 1968, tana kuma cikin yarjejeniyar Pelindaba ta 1996 wadda ta haramta waɗannan makamai a nahiyarmu. Tukunyar binciken nukiliya da ke Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya, wadda ta fara aiki a 2004, an sauya mata makamashi a 2018 zuwa yuraniyam mai rauni wanda ba ya ƙera bam, aka mayar wa Sin tsohon. Ƙasar da ta yi wannan ta cancanci a saurare ta. Muna ganin haƙƙin gwamnatinmu ne ta tayar da maganar, ko da abin da za a samu bai wuce a rage jira ba, a kuma ba ɗaliban da hukuma ta ɗauki nauyinsu amsa kan lokaci. Jinkirin mako 6 ga mai hali ɗan ɓacin rai ne. Ga ɗan malamin firamare, wanda aka sayar da gona aka ci bashin adashi domin tafiyarsa, yana iya zama asarar shekara guda.

Sai dai kafin manya su zauna, akwai abin da ke hannunmu. In kunne ya ji, jiki ya tsira. Duk ɗanmu da ya sami gurbi a waɗannan fannoni, ranar da takardar jami'a ta iso ya tambaye su ko karatunsa na buƙatar ATAS, ya karɓi lambar fannin da bayanin binciken da zai yi, ya nema nan take. Ba sai ya jira an kammala maganar kuɗi ba. Kada ya biya kowa a shagon intanet da sunan kuɗin takarda, kada kuma ya bar wani ya ƙago masa amsa, domin abin da ya rubuta ana gwada shi da abin da jami'ar ta rubuta. Ya kuma sani cewa in ya sauya fanni ko jami'a, ko karatun ya zarce lokacinsa da fiye da wata 3, sai ya sake neman sabuwa.

Akwai kuma wanda ya rataya a wuyanmu mu malaman firamare. Irin wannan fom na son sunan ɗalibi da ranar haihuwarsa daidai da yadda suke a fasfo, kuma sauran takardunsa za su bi shi zuwa ofishin biza. A rajistarmu ake fara rubuta sunan yaro. Idan yau mun rubuta Muhammad, baɗi wani ya rubuta Mohammed, aka sa sunan gari a wata takarda, sunan kaka a wata, aka kuma rage shekara biyu don yaro ya shiga aji, to mun ɗaura masa igiyar da zai yi tuntuɓe da ita bayan shekara 20. Muna roƙon shugabannin makarantu su nemi takardar haihuwa ranar ɗaukar yara, a tsaya kan suna ɗaya da rubutu ɗaya.

Daga ƙarshe, mu tambayi kanmu abin da ke kai yaran nan bakin wannan ƙofa. Na'urorin da ba su samu a gida ba suke bi. Da yawanmu muna koyar da darasin kimiyya da alli da allo kaɗai, babu ko maganaɗisu da za mu ɗora wa yaro a tafin hannu. Hausawa sun ce guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni. Idan muna zama da hukuma kan albashi da ƙarin girma, mu sa kayan gwajin kimiyya a cikin jerin buƙatunmu, mu kuma mara wa malaman jami'a baya kan ɗakunan bincike, domin gobe ɗanmu ya tafi waje don ya zaɓa, ya kuma sami wurin aiki in ya dawo.

Muna ba reshe shawara ya ware rabin sa'a a taron wata mai zuwa, a gayyato wani da ya bi wannan hanya ya yi wa iyaye bayani. Allah ya albarkaci zuriyarmu, ya ba ɗan abokin aikinmu mafita ta alheri.