Mai Kiwon Hawainiya, Rana Na Binka Bashi

A makon jiya ɗan ƙanwata ya nuna mini hawainiya a cikin kwali, wai zai yi kiwonta kamar yadda ya ga Turawa na yi a YouTube. Mu da muka tashi muna bin tsaka da takalmi, abin ya ba ni dariya. Da na leƙa cikin duhun kwalin nan kuwa, sai dariyar ta koma tausayi.

A Amurka da Jamus, ana shawartar masu wannan kiwo kada su sayi dabbar sai sun gama shirya mata muhalli. Hawainiyar Yaman, wadda suka fi kiwo, tana bukatar dogon keji na raga mai rassa da ganye, domin iska ta ratsa. Ba kasafai take shan ruwan kwano ba, sai wanda aka yayyafa a ganye. Tsakar Pakistan mai zanen damisa kuwa a ƙasa take rayuwa, ana yi mata maɓoya da ɓangaren ɗumi da na sanyi.

Babbar magana ita ce haske. Sai da hasken UVB jikin hawainiya ke samar da bitamin D3, wanda ke ba ƙashi damar amfana da kalsiyam. In babu shi, ƙafafu su lanƙwashe, muƙamuƙi ya yi laushi. Gilashin taga yana tare wannan haske, ƙwan gida kuma ba ya ba da shi. Fitila ce ta musamman, awa 12 kullum, ana sauya ta ko da ba ta mutu ba.

Na tambayi yaron: awa nawa muke samun wuta? Ya yi shiru. Da la'asar muka mayar da ita kan bishiya.