Ƙ, Ɗ, Ɓ da Ƴ: A daina ɗora wa masu buga takardu haddar da kwamfuta za ta iya ɗauka

Tun da kundin da aka ƙaddamar a watan Maris na 2025 ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa a Nijar, ake ta muhawara kan makarantu da ofisoshi. Amma akwai wata ƙaramar matsala da ba a cika ambata ba, wadda ke zaune a kan teburin duk mai shagon buga takardu a Dakoro: allon madannan kwamfutarsa na Faransanci ne, wato AZERTY, kuma babu ƙ, ɗ, ɓ ko ƴ a kansa.

Abin ba wasa ba ne. Idan aka cire lanƙwasa, ƙafa ta koma kafa, ƙura ta zama kura, baƙi ya zama baki. Ƙa'idar rubutun Hausa da Nijar ta tsayar a 1999 ta tanadi waɗannan haruffa, har da ƴ, wadda a Najeriya aka fi rubutawa da 'y.

To yaya ake yi yanzu? Wasu kan kwafo harafin daga wata tsohuwar takarda. Wasu kan maƙala waƙafi a gefensa su wuce. Ƙwararru kuwa haddace lambobi suke yi: a manhajar Word, sai a buga 0199 a danna Alt da X kafin ƙ ta fito, ɗ kuma 0257, ɓ 0253, ƴ 01B4. Haruffa huɗu, kowanne da babba da ƙarami, lambobi takwas ke nan. Wanda ya ce zai ƙirƙiro nasa gajerun hanyoyin kuma sai ya tarar an riga shi, domin Ctrl da K na saka mahaɗin intanet, Ctrl da D na buɗe zaɓin salon rubutu, Ctrl da Y kuma na maimaita aiki. Ranar da yaron shagon da ya iya haddar ya tafi ci-rani Agadas ko Kano, sai ilimin ya bi shi.

Wayar hannu ta daɗe da warware wannan. A allon Hausa na Gboard, mutum zai samu haruffan a gabansa, ba sai ya tuna wata lamba ba. Irin wannan sauƙin ya kamata a kai wa kwamfutocin shaguna. Manhajar AutoHotkey, wadda ake samu kyauta tun 2003, tana ba da damar rubuta ƴan layukan umarni ta yadda danna maɓalli ɗaya zai fito da ɗan jerin zaɓi a kan allo, mutum ya ga haruffan takwas ya zaɓa. Ana iya ƙara gaisuwar buɗe wasiƙa ko kan takardar neman aiki a jerin. Ba ta buƙatar intanet bayan an saka ta, abin da ke da muhimmanci a garin da layi ke zuwa yana ɗaukewa.

Masu suka za su ce jerin zaɓi ya fi gajeriyar hanya jinkiri, kuma gaskiyarsu ce. Wanda zai buga littafi sukutum gara ya saka cikakken tsarin madannai na Hausa ta hanyar Keyman ko wanda ke cikin Windows, duk da cewa na Windows ɗin a kan tsarin QWERTY yake, kuma hannun da ya saba da AZERTY zai yi ta tuntuɓe a kan A, Z da M. Sai dai akasarin aikin shagon Dakoro katin biki ne, sanarwar suna, takardar ƙungiya, kuma mutum uku ko huɗu ne ke karɓa-karɓa a kan kwamfuta ɗaya. A nan abin da ido ke gani ya fi abin da aka haddace amfani.

Hattara ɗaya ita ce kada a karɓi irin wannan fayil daga hannun wanda ba a sani ba, domin umarnin da ke iya buga harafi yana iya yin ɓarna. Da yake rubutu ne a fili, ɗalibin da ya karanci kwamfuta a Maraɗi ko ɗan gari da ke zaune a waje zai iya rubuta shi cikin yini guda, wani ya duba, sannan a raba wa shaguna a filashi.