Shinkafa da wake: dabarar matan Kuba a tukunyarmu

Na san a kwanakin nan, ko a kasuwar Dauran kike cefane, ko a Shinkafi ko Ƙauran Namoda, nama ya zama sai wane da wane. To, yau za mu leƙa madafar wata ƙasa mai nisa wadda matanta suka daɗe da sanin wannan matsi, wato Kuba, tsibirin da ke kudu da Amurka.

Tun 1962 gwamnatin Kuba take ba kowane gida ɗan littafi na rabon abinci, a auna wa iyali shinkafa da wake da sukari da mai. Abincinsu na yau da gobe shi ne shinkafa da baƙin wake, wanda suke kira moros, a gabashin ƙasar kuma kongiri, da jan wake.

Kada ki yi mamakin kamar da ke tsakaninmu. Jiragen bayi sun kwashi dubban ɗaruruwan mutane daga Afirka zuwa gonakin rake na Kuba, ba a haramta bauta a can ba sai 1886. Shi ya sa har yau suna miyar kuɓewa, suna cin doya da gwaza, suna kirɓa dafaffiyar agada su kira ta fufu.

Ga inda suka bambanta da garau-garau ɗinmu. Ba sa zubar da ruwan waken, kuma ba sa jiran a sa mai da yaji a kwano. Ki dafa wake gwangwani ɗaya har ya kusa nuna, ki tsame, ki ajiye ruwan. Ki soya albasa da tafarnuwa da tattasai a man gyaɗa. Ki zuba wankakkiyar shinkafa gwangwani biyu a cikin suyar ki juya, sannan ki sa waken da ruwansa da gishiri, ki rufe, ki rage wuta. Su da kitsen alade suke yi, mu man gyaɗarmu ya wadatar. A rage kanwa, domin yawanta na kashe wasu sinadaran abincin. Jiƙa waken tun da dare ya fi, ga shi yana rage cin itace.

Amfanin ba ƙarami ba ne. Abin gina jiki da ya yi ƙaranci a shinkafa, wake na da shi, sai su cike wa juna. Yaron da ya wuce wata 6 ma a murƙushe masa ya yi laushi, tare da nono.

Rogo kuwa, sukan dafa shi ya nuna sosai, su kwarara masa mai mai zafi da dakakkiyar tafarnuwa da ruwan lemu mai tsami. Ki gwada da lemun tsami, ki barbaɗa garin ƙuli.

Abin shansu akwai baƙar gahawa mai zaƙi, da ruwan rake da ake matsewa a sha nan take, sunansa guwarapo. Giyar da suke yi da raken dai ba tamu ba ce.

Ki gwada wannan makon, ki faɗa mana a ƙasa ko yara sun nemi ƙari.