Majigin Kolombiya da Daren Gobir

A watan Oktoban 2002 bama-bamai suka tashi a wani ƙaramin birni mai suna El Carmen de Bolívar, cikin yankin duwatsun Montes de María da ke arewacin Kolombiya. Tun kafin nan garin ya saba da kulle ƙofa da zarar rana ta faɗi. 'Yan tawayen FARC suna cikin duwatsu, mayaƙan AUC suna karakaina a ƙauyuka, kowane ɓangare kuma yana zargin talaka da kai rahotonsa wajen abokin gaba. Sai wata 'yar jaridar garin, Soraya Bayuelo, da abokan aikinta na ƙungiyar sadarwa da suka kafa a 1994, suka yi abin da mutane da dama suka kira ganganci. Suka rataya farin ƙyalle a dandalin tsakiyar gari, suka kunna majigi, suka haska wani fim na ƙasar Birazil. Jama'a suka fito suka kalla. Daga nan majigin ya riƙa zagaya garuruwan yankin, kuma a 2003 ƙungiyar ta samu lambar yabo ta zaman lafiya ta ƙasar.

Mutumin Sabon Birni ko na Isa, a gabashin Sakkwato, ba ya buƙatar a yi masa bayanin irin wannan dare. Ya ga hare-haren watan Mayun 2020 da suka ci rayuka da dama a ƙauyukan Sabon Birni. Ya ji yadda aka ƙone motar matafiya da mutanen cikinta a wajajen Gidan Bawa a Disambar 2021. A shekarar ce kuma aka katse layukan waya, ƙauyuka suka koma biyan harajin 'yan bindiga kafin su girbe abin da suka noma. Dubun-dubatar mutane sun tsallaka iyaka zuwa jihar Maraɗi ta Nijar, musamman wajajen Gidan Rumji, inda dama dangi ne, tun da Gobir ɗaya ce iyakar Turawa ta raba, Tibiri can, Sabon Birni nan. Asarar rayuka da ta shanu ana ambatonta a rediyo. Wadda ba a cika ambata ba ita ce ta daren ƙauye: gaɗar 'yan mata a farin wata, kokawa da dambe bayan kaka, tashen yara a watan azumi, hirar dattawa a ƙofar gida bayan lisha. A waɗannan wurare ne gari yake sanin halin da yake ciki, ake sasanta rigimar gona da burtali tun ba ta yi ƙamari ba, ake yi wa mai mulki habaici ya ji ya gyara. Idan suka mutu, kowa ya shige ɗaki da nasa tsoron, jita-jita ce kaɗai ke fita yawo.

Akwai wani abu a labarin Kolombiya da ya kamata mu tsaya a kansa, ko da ba zai yi daɗin ji ba. AUC ta samo asali ne daga ƙungiyoyin kare kai waɗanda masu gonaki da masu garken shanu suka ɗauki nauyi domin su tsare kansu daga 'yan tawaye. Su ɗin ne a Fabrairun 2000 suka shiga El Salado, ƙauyen da ke ƙarƙashin El Carmen, suka kashe mutum kusan 60, suna yi ana buga gangunan da suka kwaso daga gidan al'adun ƙauyen. Wanda ya san yadda wasu 'yan sa-kai a ƙasar Zamfara da gabashin Sakkwato suka tashi daga tsaron gari zuwa yanke wa Bafulatani hukunci a tsakiyar kasuwa, zai gane hanyar. Ganga kuwa ba ta da ɓangare, mai riƙe da ita take yi wa aiki.

Wata guda bayan El Salado, a Maris na 2000, mayaƙan AUC suka tara mutanen wani ƙauye mai suna Mampuján suka ce su tashi. Iyalai fiye da 200 suka kwashe abin da za su iya ɗauka suka nufi garin María la Baja. A maƙwabciyarsu Las Brisas kuwa an kashe manoma fiye da goma. Bayan wasu shekaru matan Mampuján suka koyi ɗinkin haɗa guntayen yadi, suka shiga zana labarinsu da allura da zare: gidajensu, masu bindiga, layin mutane da kaya a ka. Suna ɗinki suna hira, abin da baki ya kasa faɗa shekara da shekaru yana fitowa. A 2010 kotu ta yanke hukuncinta na farko a ƙarƙashin dokar shari'a da sulhu ta 2005 a kan shari'ar Mampuján, ta kama wasu kwamandojin AUC biyu da laifi, ta ce a biya diyya. Da biyan ya yi jinkiri, mutanen suka taka da ƙafa har birnin Kartahena a Disambar 2011 suna neman haƙƙinsu. A 2015 masu ɗinkin su ma suka karɓi lambar yabon zaman lafiya.

Ƙasar nan tamu ba baƙuwa ba ce a wajen adana tarihi da fasaha. Daga Tubali, ƙasar Isa, Ibrahim Narambaɗa ya fito da kotsonsa ya zama makaɗin fadar Sarkin Gobir na Isa Amadu, kuma albarkacin waƙoƙinsa har yau ana sanin sunayen sarakai da dawakai da alƙalan wancan zamani a gidajen da ba su taɓa taka Isa ba. Kufan Alƙalawa, tsohon birnin Gobir da ya faɗi a 1808, yana nan cikin ƙasar Sabon Birni, zuri'ar Bawa Jan Gwarzo kuma ba ta mance da jerin sarakunanta ba. Sai dai wannan baiwa fada ta fi yi wa hidima, yau kuma ta koma bayan 'yan takara. Mawaƙin zamani zai shiga situdiyo ya jero sunan ɗan majalisa da na uban gidansa da na matarsa, amma mutanen da aka binne a rami ɗaya a ƙauyen da ya fito ba su da mai jero su. Da aka sace Sarkin Gobir na Gatawa, Alhaji Isa Muhammad Bawa, a Yulin 2024, aka kuma samu labarin rasuwarsa a hannun 'yan bindiga a watan Agusta, matasan Sabon Birni sun fito zanga-zanga, ƙasa duka ta ji. Shi basarake ne, sunansa ya shiga jarida. Talakawan da suka bi wannan hanya kafinsa da bayansa fa? Fushi kuma, komai zafinsa, kwana kaɗan yake yi a kan titi.

Ba ina cewa a je a kafa majigi a ƙauyen da 'yan bindiga ke kwana a bayan gari ba. Wannan wauta ce, kuma majigin El Carmen bai hana harsashi tashi ba. AUC ba ta ajiye makamai ba sai tsakanin 2003 da 2006, FARC kuma sai 2016 ta sa hannu a yarjejeniyar sulhu. Haka nan Kolombiya ta yi dokokin da suka bai wa wanda aka zalunta ƙofar shiga kotu, har da dokar 2011 ta mayar wa 'yan gudun hijira filayensu, mu kuwa ba mu kai nan ba. Amma mutanen Mampuján ba su jira zaman lafiya ba kafin su haɗa kansu su tsayar da labarinsu, shi ya sa ranar da ƙofar kotu ta buɗe aka same su a shirye.

Cikin garin Sabon Birni da na Isa akwai 'yan gudun hijira daga ƙauyuka da dama, akwai malaman makaranta masu iya rubutu, akwai limaman da suka sallaci gawarwakin, akwai matan da suka iya saƙa da ɗinkin hula, akwai samari masu ɗaukar bidiyo da waya. Kowace unguwa za ta iya buɗe littafi: sunan mamaci, ƙauyensu, ranar da abin ya faru, gonar da aka bari, kuɗin fansar da aka biya. A sa har da mutanen ruga da aka kashe ba da haƙƙinsu ba, domin littafin da ya tsallake su wata rana makamin ramuwa zai zama. A ajiye shi a hannun amintattu, ban da sunan masu ba da shaida, saboda masu kai wa 'yan daji rahoto suna cikin gari. Idan kakar zaɓe ta zo, motoci suka iso da lasifika da makaɗa, sai a shimfiɗa wa ɗan takara tabarma a karanta masa littafin tun daga shafin farko, sannan a tambaye shi wanne ƙauye zai fara mayarwa gida, kuma yaushe.