Kuɗin bibiyar sauro ya kamata ya fito daga gida

A shekarar 2012 ƙasar Jibuti ta kusa rabuwa da zazzaɓin cizon sauro, domin mutum 27 kacal aka samu da cutar. A shekarar ne kuma aka fara ganin wani baƙon sauro daga Asiya, Anopheles stephensi, kuma zuwa 2020 masu cutar sun haura 73,000. A 2020 ɗin aka gano sauron a jihar Gombe. Saurayen da muka saba da su sun fi son kududdufan damina, shi kuwa wannan a tanki da duro da kwatarniya yake hayayyafa, don haka rani bai dame shi ba. Duk garin da jama'a ke tara ruwa saboda famfo ba ya kawowa, ya samu masauki.

Gano irin wannan sauro aiki ne na kullum: a ɗebo tsutsarsa, a rene ta, a tantance jinsinta, a gwada ko magani yana kashe ta. Jami'o'inmu suna da masu wannan ilimi. Masana a Jami'ar Bayero, da haɗin gwiwar makarantar nazarin cututtukan ƙasashe masu zafi ta Liverpool, sun nuna yadda sauron arewa ya bijire wa maganin da ake sa wa gidajen sauro. Sai dai galibin kuɗin bibiyar daga waje yake zuwa, kuma da Amurka ta rushe hukumar USAID a 2025 kowa ya ga ƙarshen dogaro da aljihun wani. Ya kamata asusun tallafa wa manyan makarantu na TETFund ya ware kaso na dindindin domin wannan aiki, ba ginin ɗakunan lacca kaɗai ba.

Za a ce gara a sayi gidan sauro da magani, tunda yara mutuwa suke yi yanzu. Gaskiya ne, amma wane gidan sauro? Idan ba a san maganin da sauron Jigawa ko Sakkwato ya daina ji ba, miliyoyin da aka kashe sun tafi a kan zato. Masu cewa binciken jami'a a kan kanta yake ƙarewa su ma ba su yi ƙarya ba. Maganin wannan shi ne a gindaya sharaɗi: duk jami'ar da ta karɓi kuɗi ta riƙa miƙa sakamakonta ga ma'aikatar lafiya ta jiharta kafin a yi odar gidajen sauro na gaba, in ba haka ba a tsayar da kasonta.