Gocewar gaɓa da rauni a Sayam: aikin farko na maƙwabci ne

A watan Disamba na shekarar 2014 ne aka buɗe sansanin Sayam Foraj, wajen kilomita 45 daga birnin Difa, domin saukar da mutanen da rikicin Boko Haram ya koro daga Najeriya. Inda jama'a ta taru haka, tsautsayi ba ya yankewa: gatari ya kuɓuce wa mai saran itace, yaro ya faɗo daga amalanke, sa ya soki makiyayi. A garaken tattasai na bakin Komadugu ma haka abin yake. Akwai gidan likita cikin sansanin, akwai babban asibitin jaha a Difa, amma wanda ke fara isa kan mai rauni maƙwabcinsa ne. Abin da ya yi a wannan sa'a shi ke sauƙaƙa wa likita aiki ko ya ɓata shi.

Gaɓa ta goce ke nan in kan ƙashi ya fita daga mazauninsa. Kafaɗa ce ta fi yin haka. Wurin yakan karkace, ya kumbura, ya ƙi motsi. Nan take sai majiya ƙarfi su taso, wannan ya danne, wancan ya ja. Wannan kuskure ne babba, domin ido ba ya rarrabe gocewa da karaya, sau da yawa ma tare suke zuwa, kuma ja da ƙarfi yana iya tsinke jijiya. Abin da ya wajaba shi ne a bar gaɓar yadda aka same ta, a tallafe hannun da zane ko rawani a rataya a wuya, a ɗora tsumma mai sanyi, a kama hanya. Kada a ba mutumin abinci, domin watakila a yi masa allurar barci kafin a maida ƙashin.

Masu ɗori suna da daraja a ƙasar nan, jama'a kuma ta yarda da su. Amma ɗaurin da ya matse ƙwarai yana tare jini, har hannu ya ruɓe, a kai ga yankewa. In yatsu suka yi sanyi, ko suka sake launi, ko suka daina jin taɓi, lalle a sassauta ɗaurin nan da nan, a nufi asibiti.

Game da rauni, a fara da tsaida jini: a danne wurin da ƙyalle mai tsabta minti 10 ba tare da ɗagawa ana leƙe ba. In ƙyallen ya jiƙe, a ƙara wani bisa kansa. Jini ya tsaya, a wanke da ruwa mai tsabta da sabulu, a rufe. Ƙarfe ko itacen da ya nutse cikin nama, likita ne mai cire shi. Toka, ƙasa da kashin shanu da wasu ke zubawa ba magani ba ne. Cikin ƙasa da kashin dabba ne ƙwayar cutar tetanos ke zama, ciwon nan mai ɗaure muƙamuƙi, wanda ke bayyana tsakanin kwana 3 da 21. A wuri na makiyaya kamar Sayam, mai rauni ya je a duba batun allurar rigakafinsa, ko da raunin ƙarami ne.

Bayan harin da aka kai Boso da Difa a watan Fabrairu na 2015, an kafa dokar ta-ɓaci, an hana hawan moto a jahar. Talakawa sun ga yadda tafiyar sa'a guda ke komawa ta wuni. Ilimin taimakon farko kuwa ba baƙon abu ba ne a Nijar: tun shekarun 1960 aka fara horas da ƴan agaji na ƙauye da ungozomomi a jahar Maraɗi, kafin taron Alma-Ata na 1978 ya yi kira ga duniya da ta bi irin wannan hanya. Ya kamata ma'aikatan kiwon lafiya da hakimai su zaɓi mutum biyu, mace da namiji, a kowace unguwa ta Sayam da kowane ƙauye na bakin Komadugu, a koya musu da Barbarci, Fulatanci da Hausa, a ba su akwati mai bandeji da sabulu. A gayyato masu ɗori su zauna cikin wannan horo, malaman yaƙi da jahilci kuma su sa darasin cikin karatun bana.